"Ne" da "ce" aikatau ne? Muhawara kan kofula, rabiɗa da dirka

Malama Bilki: Assalamu alaikum malamaina. Tambaya na zo da ita, kuma wata ɗalibata ce 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta ɗora mini. Ranar Alhamis na tsaya gaban allo na ce musu kowace jimla sai da aikatau, in babu aikatau ba ta cika jimla ba. Haka aka koya mini, haka na shekara 9 ina koyarwa. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to a cikin 'Audu malami ne' wanne ne aikatau?" Na buɗe baki zan ce "ne", sai na ji harshena ya yi nauyi, domin ban taɓa jin an ce "ya ne" ko "zai ne" ba. Na ce ta ba ni zuwa Litinin.

Da na koma littafin Turanci na ga "is" da 'yan'uwanta ana kiransu aikatau mai haɗawa, kuma sunansu na ilimi wai kofula. Abin da nake son sani: mene ne asalin wannan kalma, kuma "ne" da "ce" namu su ma kofula ne? Ba na son in koma wa yarinyar nan da amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba.

Nura Mai Turanci: Wa alaikumus salam Malama. Ai abin a fili yake. "Audu is a teacher", "Audu malami ne". Audu ya tafi ga Audu, malami ya tafi ga nasa, me ya rage? "Is" da "ne". Tunda "is" aikatau ce, "ne" ma aikatau ce. Ni haka nake koya wa yarana kuma suna ganewa.

Malam Garba: Malam Nura, kama da wane ba ta wane. Kalma biyu su faɗo wuri guda a fassara bai sa sun zama jinsi ɗaya ba. Aikatau na Hausa yana da alamomin da ake gane shi da su, mu gwada "ne" mu gani.

In ba a umarni ba, aikatau ba ya tafiya sai da zagi a gabansa, wato irin su "ya", "ta", "sun": ya zo, ta zo, sun zo. Ka ce "Audu ya ne malami" ka ji ko kunnenka zai karɓa. Aikatau yana sauya lokaci: ya zo, zai zo, yakan zo. "Ne" kuwa ko gezau: "Bara Audu ɗalibi ne, bana malami ne." Bara da bana ne suka ɗauki lokacin. In kana son gobe sai ka nemo aikatau na gaske, ka ce "zai zama malami". Wajen korewa ma hanyarsu daban: "Audu bai zo ba", amma "Audu ba malami ba ne". Kuma ba ka iya ba da umarni da ita. Kana iya ce wa yaro "zama mutumin kirki", amma da "ne" ta ina za ka fara?

Malama Bilki, ɗalibarki ta fi littafin gaskiya. Babu aikatau a wannan jimlar, kuma jimlar cikakkiya ce. A nahawun Hausa sunan "ne" da "ce" dirka.

Malama Bilki: Dirka na sani Malam, mun yi ta a kwaleji. Amma wallahi haddace ta kawai na yi, ban taɓa tsayawa na tambayi dalilin sunan ba.

Malam Garba: Ki tuna dirkar rumfa, itacen nan mai baki biyu da ake kafawa a ƙasa a ɗora masa ƙarshen azara. Ba ya ɗaure komai da komai, tokarewa yake yi don kada abu ya faɗi. Yanzu ki ce "Audu" kawai ki yi shiru. Mai sauraro zai jira ki ƙarasa, ko ya zaci kira kike yi. Ki ce "Audu ne", magana ta tsaya da ƙafarta. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa aka ce wane ne, ya ce "Ni ne". Wanda ya hango hayaƙi ya ce "Gobara ce!" Suna ɗaya tak a kowace jimla. Me ake haɗawa da me a nan? Babu. Shi ya sa nake ganin waɗanda suka zaɓi kalmar dirka sun kalli Hausa ne da idon Hausa.

Dakta Safiya: Bari in amsa rabin farko na tambayar, wato asalin kalmar. Kofula daga Latin take. A bakin Rumawa ba kalmar nahawu ba ce, sunan abin ɗauri ne: igiya, tsirkiyar da ake ɗaure kare da ita, duk abin da ke haɗa biyu su tafi tare. Gininta gaɓa biyu ne, ɗaya mai ma'anar "tare", ɗaya daga wani tsohon aikatau mai ma'anar "ɗaure". Daga gare ta Faransanci da Turanci suka samo kalmar da suke kiran ma'aurata da ita, haka ma kalmarsu ta saduwar namiji da mace.

Kuma ba ta ƙofar nahawu ta shigo ilimi ba, ta ƙofar manɗiƙi ta shigo, wato ilimin tsara hujja da auna ta. Aristotal, masanin falsafar nan na Girka, wanda ya rasu shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya lura cewa in ka ce "mutum mai adalci ne" da Girkanci, akwai abin da ake magana a kansa, akwai abin da aka faɗa game da shi, sannan ga kalmar "esti", wato "is" tasu, a matsayin abu na uku. Ya bayyana aikinta amma bai raɗa mata wannan suna ba. Sai a ƙarni na 12 kalmar kofula ta zauna daram a makarantun Turai, kuma sunan da aka fi dangantawa da haka shi ne malamin manɗiƙin nan na Faransa, Abelad, wanda ya rayu daga 1079 zuwa 1142. Daga baya masu nahawu suka are ta daga hannun masu manɗiƙi. To da yake a Latin da Girkanci da Turanci kalmar da ke wannan aiki aikatau ce, sai mutane suka saba da cewa kofula aikatau ce dole. Nan ne kuskuren ya samo tushe.

Baba Alaramma: Madalla da wannan bayani 'yata. Amma ki ba ni dama in ce kafin a haifi wannan Bafaranshen, malaman Musulunci sun riga sun yi wa abin suna. Rabiɗa suke ce mata, daga "rabaɗa", wato ya ɗaure. Ibn Sina ya rasu a 1037, shekara 42 kafin haihuwar Abelad, kuma a littattafansa na manɗiƙi ya kasa ta biyu: mai lokaci, irin "kana" ta Larabci, wato ya kasance, da marar lokaci, irin "huwa", wato shi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta manɗiƙi ya ji maudu'i, abin da ake magana a kansa, da mahmuli, abin da aka faɗa game da shi, da rabiɗa. In an ambaci rabiɗar a fili a ce ƙadiyya, wato jimlar hukunci, mai uku, in an ɓoye ta a ce mai biyu.

Kafin shi ma, Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya tsaya kan matsalar a littafinsa Kitabul Huruf. Ya ce Farisanci na da "hast", Girkanci na da tasa, amma Larabci ba shi da kalma guda mai wannan aiki, domin Balarabe "Zaidun alimun" kawai yake cewa, wato Zaidu malami ne, mubtada'i da habari, suna da bayaninsa, magana ta cika. Da masu fassara suka zo juya littattafan Girkawa sai suka rasa abin sawa a gurbin, wasu suka sa "huwa", wasu suka sa "maujud". Kun ga damuwar da Malama Bilki ta kwana da ita ta haura shekara 1000 a duniya.

Nura Mai Turanci: Allah ya gafarta Malam, ke nan Turawa daga wurinmu suka kwafa?

Dakta Safiya: Kada mu yi saurin cewa haka Malam Nura. Riga wani faɗar abu daban, a ce daga bakinka ya ji daban. Duka ɓangarorin biyu littafin Aristotal ɗaya suke yi wa sharhi, kuma duk wanda ya ga kalma a tsakanin abu biyu, hoton ɗauri ne zai fara zo masa.

Baba Alaramma: Gaskiyarki 'yata, ni ma ban ce sun kwafa ba. Amma akwai abin da ya fi wannan daɗi, kuma maganar Malam Garba ce ta tuno mini da shi. Wannan "huwa" da ke shiga tsakani, kamar a "Zaidun huwal alimu", ko a farkon Baƙara inda aka ce "wa ula'ika humul muflihun", malaman nahawu na Basra suna kiranta lamirin fasali, wai don tana rarrabe habari da sifa. Malaman Kufa kuwa suka ce a'a, sunanta imad. Kun san ma'anar imad? Ginshiƙi, abin da ake tokare gini ko tanti da shi, kamar yadda ya zo a Suratul Fajri, "zatil imad". Ashe tun a wancan zamani an sami masu kallon irin wannan kalma su ga tokari maimakon igiya. Da na ji Malam Garba na bayanin dirkar rumfa sai da na ajiye wayar na yi tasbihi. Mutanen Kufa da malamanmu na Hausa ba su haɗu ba, amma hoto ɗaya suka gani.

Malama Bilki: Allahu Akbar. Baba, wannan kaɗai ya biya ni.

Ɗalibin Harshe: Ina neman afuwar manya, amma ina da ja. Malam Garba ya tabbatar da cewa "ne" ba aikatau ba ce, na yarda ɗari bisa ɗari. Sai dai hakan bai fitar da ita daga kofula ba. A ilimin harshe na yau an daina ɗaure kalmar ga aikatau. Duk abin da harshe ya tanada don jingina bayani ga suna ba tare da wani aiki ya auku ba, ana ce masa kofula, ko aikatau ne, ko wakilin suna, ko ɗan harafi. "Ni" ta Sawahili ba ta sauyawa da mutum ko adadi, amma kofula ake ce mata. Su kansu masanan da suka rubuta manyan littattafan nahawun Hausa ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Parsons na Jami'ar Landan a maƙalarsa ta 1963 ya kira ta da kalmar Turanci mai ma'anar abin da ke tsayar da abu ya daidaita, Galadanci ya bi wannan a 1976, Newman ma haka a 2000. Amma Jaggar a littafinsa na 2001 kofula ya ce. Duk cikinsu babu wanda bai san Hausa ba.

Malam Garba: Ƙanena, ban ƙi maganarka ba, amma ka duba abin da ka yi. Sai da ka buɗa ma'anar kalmar ta yi faɗi sannan "ne" ta samu shiga. Kalmar da asalinta igiya ce mai haɗa biyu, yanzu an ce har wadda ke tsaye bayan suna guda ita ma igiya ce. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma ka lura da mazauninta: "is" a tsakiya take zama, tsakanin abu biyun, shi ya sa hoton ɗauri ya dace da ita. "Ne" a ƙarshe take zuwa, bayan an gama jero su.

Ɗalibin Harshe: Zama a ƙarshe ba hujja ba ce Malam. A Farisanci "ast" a ƙarshen jimla take, a Japananci ma tasu a ƙarshe take, kuma ba wanda ya hana su sunan. Sannan ai tana shiga tsakiya: "Audu ne malami."

Malam Garba: Na janye hujjar mazauni, ka kama ni a nan. Amma misalinka na biyu ni ya taimaka. "Audu malami ne" da "Audu ne malami" ba magana ɗaya ba ce. Ta farko amsa ce ga wanda ya ce mene ne aikin Audu. Ta biyu amsa ce ga wanda ya ce wane ne malamin a cikinku, kuma tana ɗauke da "ba Musa ba". "Ne" ba ta koma tsakiya don ta haɗa ba, ta bi Audu ne don shi ake nunawa da yatsa.

Ga inda abin ya fi fitowa. "Yara sun fasa tulu." Jimla ce cikakkiya da aikatau nata. Yanzu ka ce "Yara ne suka fasa tulu", ko "Tulu ne yara suka fasa", ko "Jiya ne suka fasa tulu". Ga aikatau nan, fasa, yana aikinsa. To me "ne" ke haɗawa? Duk inda ta sauka, nan nauyin magana ya koma, har "sun" ta juye ta zama "suka". Wannan aikin ko kusa "is" ba ta yin sa ita kaɗai, sai Bature ya sake ginin jimlar gaba ɗaya.

Dakta Safiya: Wannan da Malam Garba ya kawo shi ya sa wasu masana, irin su Melanie Green, suka tafi a kan cewa ainihin aikin "ne" da "ce" shi ne nuna inda aka ƙarfafa magana, ko a jimla mai aikatau ko marar shi. A wannan fahimta, ko a "Audu malami ne" ma, kalmar malami ce sabon labari, shi ya sa "ne" ta biyo ta. Ni dai nan zuciyata ta fi karkata, domin bayani ɗaya ya ɗauke wurare biyu.

Hajiya Umma: Ni ba malamar makaranta ba ce, karatu kawai nake so. Tambayata: ita "ne" ɗin daga ina ta fito? Kun faɗi asalin ta Turawa da ta Larabawa, tamu fa?

Dakta Safiya: Hajiya, tambayarki ta fi kowace daɗi a wurina. Ki saurari Basakkwace. Ba ya cewa "sarki ne", "sarki na" yake cewa. Ba ya cewa "mace ce", "mace ta" yake cewa. To ajiye "na" da "ta" a gefe, ki dubi "na Audu" da "ta Audu", ki dubi "gidan Audu" da "motar Audu" da "gidajen Audu". Tsari ɗaya ne ke ta maimaituwa: namiji "n", mace "t", jam'i "n". Ita "r" ta "motar" ma tsohuwar "t" ce. "Ce" kuwa daga "te" ta zo, domin a Hausa "t" in ta gamu da "e" ko "i" takan koma "c": sata, sace, fita, fice, mota, motoci. Ke nan "ne, ce, ne" da "na, ta, na" 'yan gida ɗaya ne, gidan ƙananan kalmomin nuni da jinsi. Ba su taɓa zama aikatau ba balle a ce sun tsufa sun daina aiki.

Kuma tsarin ya girmi Hausa kanta. Wani masanin harshe, Greenberg, ya yi rubutu a kansa a 1960, ya nuna wannan "n, t, n" a cikin harsunan dangin Afirka da Asiya, dangin da Hausa da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye suka fito. "T" ta mace ita ce kike ji a "taktubu" ta Larabci, ga "yaktubu" na namiji, kamar "ta rubuta" da "ya rubuta".

Hajiya Umma: Ikon Allah. To mutanen Zazzau da ke cewa "mota ne", "yarinya ne" fa? Kuskure suke yi?

Malam Garba: Ba kuskure ba ne Hajiya, karin harshensu ne, sun bar "ne" ta ɗauki duka. A jarrabawa dai daidaitacciyar Hausa ake bi, a rubuta "mota ce".

Kuma ga wani abu da kowa ke yi ba tare da ya sani ba. Ku faɗi "doki ne" da "jaki ne" a bayyane, a hankali. A ta farko muryarku sauka take a "ki" sannan ta hau a "ne". A ta biyu hawa take a "ki" sannan ta sauka a "ne". Haka "mota ce" da "riga ce". Dirka ba ta da karin sautin kanta, kullum kishiyar gaɓar da ta gabace ta take ɗauka. Malama Bilki, ki sa yara su gwada wannan a aji, za ki ga yadda idonsu zai buɗe.

Ɗalibin Harshe: Abin da Dakta ta faɗa ba Hausa kaɗai ya faru da ita ba. A Sinanci kalmar da ke wannan aiki a yau, a tsohon harshensu ma'anarta "wannan". Suna cewa abu kaza, wannan kaza, har "wannan" ɗin ta zama ita ce mai jingina bayanin, tun wajen zamanin daular Han. Ana furta ta kusa da "shi", amma kada wani ya ɗauka tana da dangantaka da "shi" namu, karo ne kawai aka yi. Kuma duk da asalinta na nuni, kofula ake kiranta. Shi ya sa har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba.

Injiniya Bashir: Ku ba ni wuri in sa baki daga wani fanni. Mu a lissafin ƙididdiga muna da kofula, kuma sai yau na san daga nahawu aka ɗauko ta da na bi wannan zance na koma na duba. Wani masanin lissafi Ba'amurke, Sklar, shi ya sa mata sunan a 1959. Dabara ce ta ɗaure yiwuwar abubuwa biyu ko fiye wuri ɗaya, a ga yadda faruwar ɗaya ke tafiya da faruwar ɗaya. Wani nau'inta da David Li ya gabatar a 2000 bankuna suka ɗauka suna auna haɗarin basussuka, kuma an zargi wannan nau'in sosai bayan rushewar kasuwannin kuɗi ta 2008, domin ya raina yadda basussuka ke iya faɗuwa gaba ɗaya a lokaci guda. A wurinmu dai ma'anar igiyar ce ta tsaya.

Nura Mai Turanci: To na ji, na kuma karɓa cewa "ne" ba aikatau ba ce. Amma ku taimake ni da aikin aji. In yaro ya ce mece ce "is" da Hausa, me zan ce masa?

Malam Garba: Ka ce masa ba ta da fassara guda, ya duba aikin da take yi a jimlar. Bature da kalma ɗaya yake faɗin ko wane ne mutum, da inda yake, da samuwarsa, da halin da yake ciki. Mu kowanne da kayan aikinsa. Ko wane ne: "Audu malami ne." Inda yake: "Audu yana gida." Samuwa: "Akwai ruwa", kishiyarta "babu ruwa". Hali ko siffa: "yana da tsawo", "ya yi tsawo", "tsawo gare shi". Yaron da aka koya wa "is" daidai take da "ne", shi ne zai zo ya rubuta maka "Audu gida ne" yana nufin yana gida.

Dakta Safiya: Masana manɗiƙi na Turai sun daɗe suna kukan wannan cunkoso. Bertrand Russell a 1919 har cewa ya yi abin kunya ne ga 'yan Adam a ce kalma ɗaya ake amfani da ita wajen faɗin siffar abu da kuma faɗin cewa abu kaza shi ne abu kaza. Ita kanta kalmar Turancin gamin gambiza ce daga tushe uku: "is" da "am" tushensu ɗaya da "est" ta Latin da "ast" ta Farisanci, "be" daga tushe mai ma'anar tsiro ko zamowa, "was" daga tushe mai ma'anar zama a wuri. Sifaniyanci ya raba aikin gida biyu, ɗaya daga cikinsu asalinsa "tsayawa". Rashanci kuwa a lokaci mai ci ba ya sa komai, sai in an koma baya kalmar ke fitowa, kamar yadda "kana" ke fitowa a Larabci.

Baba Alaramma: Zama a wuri kika ce 'yata? To ai ga "zama" tamu. "Ya zama sarki", kuma "zaman gida". Wannan ita ce 'yar'uwar "sara" ta Larabci da ke cikin 'yan'uwan "kana", waɗanda muke kira af'alun naƙisa saboda ba sa cika da mai aiki kaɗai sai an kawo habari. In ka ce "Audu ya zama" ka yi shiru, kowa zai ce ya zama me?

Malam Garba: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, nan nake son zuwa. Hausa tana da aikatau masu haɗawa na gaske: zama, kasance, koma. "Ya zama malami", "ta kasance mai haƙuri", "ruwa ya koma ƙanƙara". Suna ɗaukar zagi, suna sauya lokaci, ana kore su da "bai ... ba", kuma abin da ke biye da su ba karɓau ba ne, domin malamin shi ne Audun, ba wani abu aka yi wa malami ba. Waɗannan in an kira su kofula ban da ta cewa. Shawarata a aji a ce musu aikatau maɗauri, tunda mahaɗi mun riga mun ba "da" da "ko" da "amma". "Ne" da "ce" kuma a bar su da sunansu dirka.

Ɗalibin Harshe: A aji na yarda. A takardar bincike da za a kwatanta Hausa da wasu harsuna, kofula marar aikatau zan rubuta, don wanda ke nazarin Sawahili ko Sinanci ya gane abin da nake nufi.

Malam Garba: Ka rubuta, amma ka sa dirka a gefenta ka bayyana musu ma'anarta. Su ma su ƙaru da mu.

Hajiya Umma: Kafin ku tashi, ku raba mini gardama da maigidana. "Sana'arsa ɗinki ne" ko "sana'arsa ɗinki ce"?

Nura Mai Turanci: "Ce" mana Hajiya, sana'a ai mace ce.

Malama Bilki: Ni kuwa kunnena "ne" yake so. Amma "burinsa sarauta ce" ta fi mini daɗi a kan "sarauta ne".

Dakta Safiya: Duka biyun ana jin su a bakin Hausawa na asali. In sunaye biyun jinsinsu ya saɓa, wani ya bi na farko, wani ya bi wanda ke maƙwabtaka da dirkar. Malama Bilki, ki lura a misalanki biyu sunan da ke kusa da dirkar kika bi, ɗinki ya ja "ne", sarauta ta ja "ce". Hajiya, ke da Alhaji ba wanda ya faɗi.

Malama Bilki: Salamu alaikum, na dawo da labarin Litinin. Na shiga aji na ce musu maganar da na faɗa ranar Alhamis gyara gare ta: a Hausa akwai jimla mai aikatau, akwai marar aikatau. Na zana rumfa a allo da dirkarta, na rubuta "Audu" a sama, na goge dirkar na ce me zai faru, suka ce za ta faɗi. Na sa suka yi ta faɗin "doki ne, jaki ne" har na ajin kusa suka leƙo. Na kira yarinyar gaban aji na ce tambayarta ce ta jawo duk wannan.

Ana gab da tashi ta sake ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, to 'Sunana Zainabu' fa? Da 'Yau Litinin'? Babu aikatau, babu dirka, kuma ba su faɗi ba."

Malam Garba: Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ki ƙara mata da "matansa biyu" da "gidan nan ɗakunansa goma". Suna, ranar mako da ƙidaya, a nan Hausa takan sauke dirkar. Ki ce ta tattaro mana duk irinsu da za ta ji a gida cikin mako guda, ta rubuta yadda aka faɗe su da wanda ya faɗa wa wa, ki kawo mu duba tare.